Bayan An Naɗe Rumfa, Wa Zai Sake Auna Inna?

Wata Asabar cikin watan jiya aka kafa rumfuna a filin firamaren unguwarmu, can gefen birnin Kano inda kwalta ta ƙare. Tun daren Juma'a mai shela yake zagayawa da lasifika yana cewa gobe likitoci za su zo, duba kyauta, magani kyauta, kowa ya fito. Kafin hantsi layin mata ya kai bakin titi. Ni na raka maƙwabciyata, dattijuwar da duk layinmu muke kira Inna, domin ta kwana biyu tana kukan ciwon kai da jiri, 'ya'yanta maza kuma duk sun tafi nema.

Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Wata matashiyar ma'aikaciyar lafiya mai ladabi ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Inna, jininki ya hau sosai. Ga magani na mako biyu, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ki rage gishiri, ki riƙa cin 'ya'yan itace, ki riƙa motsa jiki, ki kuma rage tunani." Ta haɗa mata da wata takarda mai sheƙi. A jikinta akwai hoton tuffa, da kifi a faranti, da wani mutum cikin kayan wasanni yana gudu.

Inna ta ƙulle maganin a gefen mayafinta ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. To in ya ƙare, a ina zan same ku?"

Yarinyar ta yi jim. "Sai ki je asibiti, Inna."

Kafin magariba an naɗe rumfuna, an loda kujeru a mota. Washegari na ga hotunan a Facebook, da adadin mutanen da aka duba, da sambarka daga ko'ina. Tambayar Inna kuwa ta tsaya mini a rai, ita ta sa nake wannan rubutu.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Duk shirin lafiyar da aka kawo unguwar talakawa, in ba a bar wani a cikin unguwar da zai ci gaba da aikin ba, wanda aka horar, ake biyansa, kuma yake da kayan aiki a hannu, to taro aka yi aka watse. Talaka ya sha nasiha har ta ishe shi. Abin da ya rasa shi ne wanda zai dawo masa mako mai zuwa, da abin da zai sa nasihar ta yiwu a cikin gidansa.

Ba da yarinyar nan nake ba. Ta wuni a rana tana auna mutane, ta yi iyakar abin da aka ɗora mata. Da masu tsara aikin nake, da masu ba da kuɗin, da mu kanmu da muke tafa musu.

"Da babu gara ba daɗi"

Wannan ce amsar da wani abokina ya ba ni da na kai masa ƙorafin. Ya ce, "Malam, da ba su zo ba ma ai Inna ba za ta san tana da hawan jini ba."

Yana da gaskiya, kuma zan ƙara masa da wata. Akwai cutukan da zuwa ɗaya yake raba mutum da su. Tsohon da yanar ido ta rufe wa gani, in aka yi masa aiki yau, gobe a kwance masa bandeji ya ga fuskar jikokinsa. Mai gwaiwa ma haka. Irin wannan zuwa, ko sau ɗaya ne a shekara, ina maraba da shi.

Hawan jini kuwa abokin zama ne na har abada. Ba a warkewa daga shi, lallaɓa shi ake yi da ƙwaya kullum da awo lokaci zuwa lokaci. Ciwon sukari ma haka yake. In ka ba mutum maganin mako biyu ka tafi, ga abin da zai faru: zai sha, kansa ya daina ciwo, ya ce alhamdulillahi na warke, ya ajiye maganar. Jinin zai koma inda yake, shiru, domin yawanci ba ya ba da wata alama. Sai wata asuba a ji an ce wane ya faɗi a bayi, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. A nan ne za a fara cewa iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa. Wanda duk ya zauna a unguwanninmu ya san gidan da hakan ta faru.

Kuma abin ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. Ƙiyasin masana shi ne kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Najeriya yana da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba. Sannan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Idan an ce wa Inna "sai ki je asibiti", abin da aka ce mata shi ne ta nemo kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, da kuɗin kati, da kuɗin magani, ta kuma rufe kaskon awararta na wuni guda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin motar kaɗai ya isa ya zaunar da tsohuwa a gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin nan ba sai likita ba. Tun 2020 ake gudanar da wani shiri a ƙananan asibitocin Kano da Ogun tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suke auna hawan jini, su ba da magani bisa tsari mai sauƙi, su rubuta sunan mutum, su neme shi in bai dawo ba. Ashe ana iyawa. Me ya hana masu rumfa su haɗa Inna da irin wannan wuri tun a ranar, da sunanta a littafi da ranar da za ta koma?

"Ai jahilci ne ke damun mutanenmu"

Wannan ita ce hujjar masu wayar da kai. Sun ce in mutane suka sani za su gyara, saboda haka a buga takardu, a saka sanarwa a rediyo, a tara mata a yi musu lacca.

Mu koma kan takardar da aka ba Inna. An ce ta motsa jiki. Matar da take tashi kafin asuba ta wanke waken suya, ta kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta tsaya a bakin kasko har dare, ita ce aka nuna wa hoton mai gudu. Wanda ya zana takardar nan ma'aikacin ofis yake gani a ransa, mai wuni a kujera ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. An ce ta ci tuffa, wadda ɗaya tak za ta cinye ribar wuninta. Ba wanda ya ambaci zogalen da yake tsaye a bayan ɗakinta, ko rama, ko lalo, ko gwanda da goba da mangwaro in lokacinsu ya zo. Awarar da take sayarwa ma abinci ne mai gina jiki, amma ba ta samu shiga takardar ba.

Maganar gishiri gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda yake ɓoye a cikin dunƙulen magi. Amma sai a tambaya, me ya sa mata suke zuba dunƙule huɗu biyar a tukunya ɗaya? Saboda babu nama a miyar, babu kifi, shi ne yake rufa wa tukunya asiri. In ka ce wa uwargida ta rage magi ka tsaya nan, ka ce mata ta kai wa maigida da yara miyar da ba za su ci ba. Mai son ta ji maganarsa sai ya zauna da ita a madafa, su gwada ƙara daddawa da albasa da citta da ɗan garin ƙuli-ƙuli, a rage dunƙule ɗaya wannan mako, wani mako a ƙara rage ɗaya, har harshen gidan ya saba. Wannan aikin maƙwabciya ne mai shigowa gidan a kai a kai, baƙon wuni ɗaya ba zai iya shi ba.

Haka maganar wanke hannu. Kowace uwa a unguwarmu ta san ƙazanta tana kawo amai da gudawa. Amma famfo ya yi shekaru bai kawo ruwa ba, jarka ake saye wurin 'yan ga-ruwa, kuma jarkar nan ita ce ta sha, ita ce ta girki, ita ce ta alwala. A shekarar 2021 fiye da mutum 100,000 ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Waɗanda suka rasun ba takardar wanke hannu suka rasa ba. Rijiyarsu ce take kusa da masai, ruwan sama ya haɗe su.

Ba na musun cewa akwai rashin sani a cikinmu. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, ana cewa nonon farko ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin jariri na farko. Akwai inda ake ɗura wa jinjiri ruwa tun kwanan farko. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ake shayar da su nono zalla, kuma a Arewa maso Yamma kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Wannan abin kunya ne a yankin da yake ciyar da ƙasa.

Sai dai wa ake tarawa a yi wa laccar? Mai jego. Ita kuwa a gidan ba ita ce da magana ba. In surukarta ta ce a ba yaro ruwa, za a ba shi. In maigida bai ba da izini da kuɗin mota ba, ba za ta je awo ba. Maƙwabtanmu na Damagaram sun gane haka tun wajen 2008, lokacin da aka fara abin da suke kira makarantar mazaje tare da hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Magidantan da ake ganin girmansu a gari su ne suke zama a kai a kai da ma'aikacin asibitin garin, su tattauna awo da haihuwa a asibiti, su kuma ɗauki maganar zuwa majalisa da ƙofar masallaci. Sun bi ta ƙofar da Bahaushe yake buɗewa.

Abin da ya taɓa yin aiki a wurinmu

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya tuna kurkunu. Tsutsa ce da ake sha a ruwan tafki, ta yi kamar shekara a jikin mutum, sannan ta huda ƙafa ta fito a hankali, tsawonta ya kan kai mita guda. Tana kwantar da manomi daidai lokacin da gona take nemansa. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da aka ƙidaya a 1988, an samu fiye da mutum 650,000 da take damu a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu a duniya.

Da me aka kore ta? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da mutum guda a kowane ƙauye wanda aka ba littafi. Ɗan garin ne, ya san kowane gida, ya san tafkin da ake ɗiba. In ya ga mai kurkunu ya rubuta, ya ɗaure masa ƙafar, ya hana shi shiga tafki, ya kai rahoto duk wata. Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka da gidajen gwamnati yana neman a haƙa rijiyoyi. Mutum na ƙarshe da aka gani da ita a Najeriya a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita, mu da Nijar a shekara ɗaya. Shekara ashirin ana komawa ƙauye ɗaya, har aka gama.

Shan inna ya koya mana darasin ta hanya mai ɗaci. A 2003 aka dakatar da rigakafinsa a Kano da wasu jihohin Arewa, ba a dawo da shi a Kano ba sai tsakiyar 2004. Mutane da yawa daga waje sun kira abin jahilci. Sun manta cewa gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 yana nan a zukatan iyaye. Sun kuma ƙi sauraron tambayar da magidanta suke yi a bakin zaure: "Ɗana yana kwance da zazzaɓi, na je asibiti babu magani. Me ya sa wannan ɗigon ne kaɗai kuke biyo ni da shi har gida, kyauta?" Tambaya ce ta mai hankali.

Abin bai juya ba sai da aka shigo da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, aka bi ta hakimai da dagatai da masu unguwanni, aka riƙa haɗa ɗigon da maganin ƙananan cutuka. Daga 2012 kuma aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa, kowace da gidajen da take kula da su. Ta san mai ciki, ta san wadda ta haihu jiya, tana zuwa suna. In ta yi sallama ba a tambayar wace ce. An ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta kama a Borno a 2016, a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita, ko da yake har yanzu ana fama da wani nau'inta a inda rigakafi ya yi rauni.

Misalin da ya fi burge ni daga Mirya yake, kusa da Damagaram. A can ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN suka gwada miƙa wa iyaye mata ɗan ma'aunin damtsen nan mai launi uku, kore da rawaya da ja, wanda a da ma'aikaci ne kaɗai yake riƙe shi. Aka koya musu yadda za su zagaya shi a damtsen yaro. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani, a garzaya asibiti. Matan da yawancinsu ba su yi boko ba suka iya, kuma suka riƙa kawo yara da wuri, domin uwa tana tare da ɗanta kullum, ma'aikaci kuwa sai an ga dama. Yanzu ƙasashe da dama sun ɗauki tsarin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai an yarda a ba shi abin toshewa.

Nijar ɗin nan da muke ganin ta fi mu talauci, a zamanin Shugaba Tandja Mamadou ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a karkara, ta zuba musu ma'aikatan da ake biya, a 2006 kuma ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kuɗin awo ga masu ciki. Mutuwar ƙananan yara ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Tsarin ya sha wahala daga baya saboda gwamnati tana jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, wannan ma darasi ne. Amma an ga abin da ɗaki ɗaya da ma'aikaci ɗaya a kusa da gida suke iya yi.

"To ina kuɗin?"

Za a ce ajiye ma'aikaci a kowace unguwa yana da tsada, rumfar wuni ɗaya kuwa mai hali ɗaya ma zai iya ɗaukar nauyinta.

A zauna a yi lissafin wunin nan da gaske. Hayar rumfuna da kujeru, riguna da huluna masu tambari, manyan ƙyallaye masu hoton wanda ya ɗauki nauyi, mai ɗaukar hoto, man motoci, abincin manyan baƙi, sannan taron bita a otal kafin ranar da bayanta. Ina da yaƙinin wannan kuɗi zai sayi na'urar awon jini da ta sukari, ya biya alawus ɗin mace ɗaya 'yar unguwa na watanni masu yawa. Bambancin shi ne aikinta ba ya ɗaukar ido. Babu wanda zai ɗauki hotonta ranar Talata da hantsi tana zaune a tabarmar Inna tana ƙirga ƙwayoyin da suka rage.

A wajen gwamnati kuma, tsari a takarda ba mu rasa shi ba. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. A 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa, wanda manufarsa ita ce daidai abin da nake roƙo, wato mata 'yan unguwa masu bin gida gida. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484, kowace da kansila. Ya kamata kowane kansila ya iya faɗa mana sunan matar da take bin gidajen mazaɓarsa, da ranar da aka biya ta na ƙarshe.

Maganar biya na nanata ta da gangan. Mun saba kiran matan nan 'yan sa kai, mu ba su riga da jaka, mu ce Allah ya ba da lada. Mace mai 'ya'ya, wadda ita ma da ƙyar take haɗa na cefane, ba za ta bar sana'arta tana yawo a rana shekara da shekaru a kan godiya ba. Habasha ta gane wannan tun 2003, ta ɗauki mata biyu biyu a kowace gunduma ta karkara, ta horar da su shekara guda, ta saka su a albashin gwamnati. Mu kuwa mun bar yawancin irin wannan aiki a hannun masu ba da agaji na waje. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumar agajinta ta USAID a farkon 2025, an ga yadda shirye-shirye suka tsaya cak a wurare da dama.

Namu kason

Kada a ce na wanke mu. Kwatar layinmu mu muke cika ta da leda. Bolar da take bakin makaranta ba daga wata unguwa aka kawo ta ba. Tsofaffi suna ba da labarin dubagari, wanda in aka ji ya shigo unguwa kowace mace sai ta leƙa randarta ta share tsakar gida. Ba na kewar tsoron da ake yi masa, amma akwai abin lura a aikinsa: an san shi, an san zai dawo. Yau sai tsaftar ƙarshen wata, a tare hanya na 'yan sa'o'i, a kwashe kwata a tara a bakin titi, ruwan sama ya mayar da ita inda ta fito.

Kuma muna da abin da za mu iya yi ba tare da jiran kowa ba. Babu unguwar da ba ta da masallacin da ake haɗuwa sau biyar a rana, da Islamiyyar matan aure, da adashe, da ƙungiyar matasa masu gyaran maƙabarta. Mutanen da suke iya haɗa kuɗin gyaran lasifikar masallaci cikin Juma'a biyu za su iya sayen na'urar awon jini. Mai halin da yake raba buhunan shinkafa da azumi, Allah ya saka masa, zai iya ɗaukar nauyin maganin hawan jinin tsofaffi goma na shekara guda a kemis ɗin unguwa, ko ya gyara tuƙa-tuƙar da ta yi shekara biyu a lalace. Mu riƙa faɗa musu haka in sun zo neman shawarar abin alherin da za su yi.

In kuma wata ƙungiya ta zo wurin mai unguwa neman izinin kafa rumfa, ya karɓe su hannu biyu, sannan ya tambaye su: waɗanda kuka samu da hawan jini ko sukari, wa kuke miƙa wa sunayensu? Wane ne daga cikin 'ya'yanmu za ku koya wa aikin? Yaushe za ku dawo? Mai niyyar alheri ba zai ji haushin tambayoyin nan ba.

Mako uku bayan rumfar na leƙa gidan Inna. Tana bakin kasko, hayaƙi ya cika rumfar girkin. Na ce, "Inna, yaya jikin? Kin koma an auna ki?"

Ta ce, "Ai na ji sauƙi, ɗan nan. Maganin ya karɓe ni, har ya ƙare."

Ranar na yi magana da mutum biyar a layinmu bayan sallar isha'i. Muka haɗa kuɗi muka sayi na'urar awo mai batir. Akwai wata 'yar layinmu da ta gama makarantar koyon aikin lafiya tana zaune a gida babu aiki, muka roƙi mahaifinta, ya amince. Yanzu duk Alhamis bayan an tashi daga Islamiyya tana zama a zauren gidansu da littafi, muna haɗa mata ɗan abin sabulu a ƙarshen wata. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, ta sake auna shi wani mako, in bai sauka ba ta rubuta masa takarda zuwa asibitin sha-ka-tafi, ta kuma bi shi ta ji ko ya je.

Inna ce ta uku a littafin. Jininta ya koma inda yake ranar rumfa. An sake ɗora ta a kan magani, kuɗin wannan wata babban ɗanta ya aiko. Na wata mai zuwa ne muke zaune muna shawara a kai.